Ranar da Na Goya Baba Zuwa Bodinga

Da asubar ranar na fita gudu kamar kullum. Damina ce, shekarar zaɓe na biyu a mulkin farar hula, gero ya fi mutum tsawo. Na yi salla, na naɗe wando zuwa gwiwa, na leƙa ɗakin Baba. Mu biyu ne a gidan tun rasuwar Inna. Kurkunu ya kwantar da shi, yana zaune yana naɗe zaren kurkunun a tsinke. Ya ce in dawo da wuri in dafa masa ruwan gashi.

A ƙauyenmu, nan ƙasar Shagari, ba a san babba ya yi gudu ba tare da an koro shi ba. Ni kuwa an zaɓe ni in shiga gasar gudun yada-ƙanin-wani a Sakkwato kafin girbi, saboda haka kowace safiya nakan bi hanyar Dandin Mahe in dawo. Da farko mutane sukan zabura in sun hango ni. Daga baya abin ya koma tsokana. Dattawan ƙofar masallaci sai su ce, "Mamman, wa yak koro ka yau?" Wallahi yana ba ni haushi, amma in ka tsaya ba su amsa numfashinka ne zai lalace.

Rana ta ɗan ɗaga na kai wajen kwalbati. Akori-kura biyu na tsaye. Samari cike, da gora da adda da jarkokin fetur. Na ji wani ya ambaci sunan ƙauyenmu. 'Yan bangar siyasa ne, kada ma a tambaye ni na wace jam'iyya. Na juya.

Malamin wasannin da ya koya mini gudu ya hana ni farawa da ƙarfi. Ranar kuwa da ƙarfin na fara. Na iso ƙofar masallaci babu murya, ƙirjina kamar an ɗaure da igiya. Na ɗaga hannu ina nuna baya. Dattawan suka yi dariya, wani ya ce yau Mamman ya sha fura da yawa. Matan bakin rijiya ko kai ba su ɗaga ba. Da wani ne ya shigo da irin wannan gudun, da gari ya watse kafin ya buɗe baki. Ni kam sun saba da nawa. Kafin muryata ta dawo, ƙarar mota ta riga ni.

Sai ihu. "Ku fito!" "A cinna!" Dangar kara tana ƙarar fat-fat, awaki suna kuka a turke, hayaƙi ya tsaya ƙasa-ƙasa saboda jiƙar ciyawa. Na tarar da Baba a bakin zaure. Ya rarrafo ya ga abin da ke faruwa, wani ya sauke masa gora a haƙarƙari ya wuce. Na durƙusa, na ɗaure shi a bayana da rawaninsa. Muka faɗa cikin gero.

"Aje ni, ka ruga," in ji shi.

Na ƙara tamke rawanin. Ƙafafuna suna neman gudu. Amma in na yi sauri sai ya yi nishi, geron kuma ya kaɗa ya tona mu. Dole na tafi a hankali. Na jera numfashi da taku kamar yadda na saba, na daina tunanin Bodinga inda muka nufa, na riƙa tunanin kunyar gero ta gaba kawai. In na kai ta, sai ta gaba. Da hantsi muka daina jin ihu. Da azahar muka fito kan kwalta, tafin ƙafata duk ƙaya. Wani mai amalanken shanu ya ɗauke mu. Ana kiran magariba muka sauka Bodinga, a gidan Goggo Hajjo, ƙanwar Baba.

A asibiti suka ɗaure ƙirjin, suka ce a koma gida a yi ta addu'a. Na gane nufinsu.

Zaman Bodinga ya fi tafiyar wuya. Kowace asuba ƙafafuna suke tashina, ba su san an ƙona gari ba. In zauna, in tashi, in zaga tsakar gida. Na yi wa 'ya'yan Goggo tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wata safiya na kasa haƙuri, na fita da gudu ta bayan kasuwa. Garin cike yake da irinmu da suka gudo. Suna ganina kasuwa ta watse, mata suka zubar da tallansu, wata ta faɗi da goyo. Mai unguwa ya aiko a gaya mini in na ƙara, ɗaure ni zai sa a yi. Na dawo ina huci. A can an ƙi tsorata da guduna, a nan an hana ni shi.

Na zauna kusa da tabarmar Baba, ƙafata tana kaɗawa. Ya buɗe ido.

"Ƙahwarka ta hana ni kwana. Gudun ga, don mutane su gani kake yi nai, ko don ka samu lahiyar ranka?"

Na ce ban sani ba, Baba.

"To, tashi ka ja ma goggonka ruwa har ka sani."

Rijiyar unguwar tana da zurfi. Na kama guga. Na cika randunan Goggo, na cika na maƙwabta, na cika na wanda bai tambaya ba. Hannu ya ja, numfashi ya bi, kamar a hanyar Dandin Mahe. Zufa ta fito, haushin ya biyo ta. Daga ranar na daina lissafin kwanakin gasa. Aikina ya zama ruwa da safe, gashin Baba da hantsi, juya shi in ya gaji. Ba na cewa raina ya kwanta. Amma na daina yi wa yara tsawa.

Ranar gasa motar 'yan wasa ta wuce ta kwalta suna waƙa. Ina jin su daga ɗaki, kan Baba yana bisa cinyata. Ya tambaye ni ko su ne, na ce su ne. Ya ce Allah shi ba mai rabo sa'a. Ranar Juma'ar da ta biyo muka kai shi makwancinsa.

Na koma ƙauye bayan sadakar bakwai. Ɗakunanmu sun ƙone, da rumbu, da awakin da ba wanda ya tsaya kwance su. Dattijon da ya yi maganar fura ma babu shi. Gonar ce kawai ba a taɓa ba. Geron da muka shuka tare da Baba ya nuna, ni kaɗai na girbe shi.