Malam Hammadu Wa-Ya-Ce da Takardar Kwamiti

A da, a unguwarmu ta Herwagana, jam'iyya gado ce. Yadda mutum yake gadon gonar ubansa da rawaninsa, haka yake gadon inda zai dangwala yatsa ranar zaɓe. Ba a tambayarka wa za ka zaɓa, sai dai a tambaye ka ɗan gidan wane ne kai. Yanzu kuwa yaro zai karya kumallo a wannan jam'iyya, ya ci na rana a waccan, kafin magariba ya ce duk ɓarayi ne. To, tsakanin mutanen da da na yanzu Allah ya yi mutum ɗaya da ya ƙi shiga layin kowa: ladanin masallacinmu, marigayi Malam Hammadu, wanda kuka fi sani da Wa-Ya-Ce.

Ku da kuka zauna da shi kun san inda sunan ya samo asali. Ko cewa ka yi hadari ya haɗo, sai ya karkata hula ya dube ka ya ce, "Wa ya ce?" In ka ce malamai ne, ya ce wane malamin. In ka faɗi malamin, ya ce a wane littafi. Ni Bukar na shekara sittin ina shan wannan tambaya, domin tare muka taso, kuma shi Bafillace ne ni Babarbare, kun ga ke nan ba mai raga wa wani.

Kada wani yaro ya ji haka ya ɗauka ɗan zamani ne. Subhanallahi! Ban taɓa ganin mai riƙon tsohuwar hanya kamarsa ba. Butar roba bai taɓa alwala da ita ba, sai ta ƙarfe da ya gada. Agogo kuwa cewa yake maƙaryaci ne mai hannu biyu. Shi inuwar bangon masallaci yake dubawa ya kira azahar. Waya ko kyauta ka ba shi ba zai karɓa ba. Lasifikar masallaci ma da ƙyar aka shawo kansa, kullum in zai kunna ta sai ya yi mata tsaki tukuna. Sannan a cikin hularsa akwai katin jam'iyya, a naɗe cikin fata kamar laya. Jam'iyyar ta mutu ta tashi, ta sake suna ya fi a ƙirga, shi dai katinsa na farko yana nan. Yakan ce, "Ita ce dai, riga take sakewa."

Shekarun nan da bama-bamai suka iso garin, kun tuna yadda aka koma: shingen bincike ko'ina, ba shiga masallaci da jaka, samari a bakin ƙofa da ƙarfen nan mai kuka suna shafa wa kowa a jiki. Ranar farko Malam Hammadu ya iso da butarsa da tarin makullansa, ƙarfe ya ɗauki tsuwa kamar an taka jelar kyanwa.

Saurayin ya ce, "Bappa, yi haƙuri, ɗaga hannu."

Ya ce, "Wa ya ce?"

"Kwamitin masallaci."

"To madalla, abu ya yi kyau. Kai kuma wa ya caje ka?"

Malam ya karɓi ƙarfen ya shafe yaron tas, daga keya har diddige, sannan ya miƙa masa ya ɗaga hannu. Bai shiga ba kuma, ya tsaya nan har liman ya iso ana dare masa hanya. Ya ce, "A'a, Allah gafarta Malam, tsaya. Rigarka ta fi ta kowa girma." Wallahi tun daga ranar har aka daina binciken, liman a layi yake shiga.

Ni kuwa Allah ya yi mini yawo. Fataucin shanu da goro ya kai ni Garwa da Injamena, na yi shekaru a Kumasi, na zauna a Sudan kan hanyar Makka, na san kasuwar Anaca kamar tafin hannuna. Shi kuwa iyakarsa Dukku, ita ma gaisuwar mutuwa ta kai shi. Saboda haka in gardama ta kaure nakan jawo masa duniya. Wata rana na ce, "Kai Bafillace, ka san me? A Sudan na ga gari guda shehinsu ya ɗaga yatsa, kowa ya bi. A Kumasi na ga ƙabila guda jam'iyya guda. Ko'ina mutane bin nasu suke, haka duniya take."

Ya ce, "Babarbare, harshe nawa kake ji?"

Na ce, "Shida, ban da na kurame."

Ya ce, "Kaico! Harshe shida, duk 'to' kake cewa da su."

Taron jam'iyya kuwa ba ya wuce shi. Shi ne farkon zuwa, a gaba yake zama, kuma shi ne ciwon kan Alhaji Manu, shugabanmu na mazaɓa. Da zaɓen ƙananan hukumomi ya matso a cikin shekarun nan na tsoro, Alhaji Manu ya tara dattawa a zaurensa. Ga atamfa a jibge ta iyali, ga Alƙur'ani a kan buzu. Kowa ya dafa ya rantse zai bi jam'iyya daga sama har ƙasa, ya ɗauki turminsa ya yi gaba. Ni ma na dafa, ba zan ɓoye muku ba. Da layi ya zo kan Malam Hammadu sai ya ce, "Alhaji, kana da alwala?"

"Alwalar me kuma?"

"Ta dafa Littafi. Kai za ka fara. Ka rantse kafin damina za a yi mana kwalbatin bayan masallaci, sai in rantse a bayanka. Ai liman ke gaba."

Alhaji Manu ya yi tari, ya ce cikinsa ya ɗan motsa tun safe, alwalar ba ta zauna ba. Malam ya ce, "Allah ya sawwaƙe. In ta zauna ka aiko." Har ya koma ga Mahaliccinsa, in ya haɗu da shi a hanya sai ya ce, "Alhaji, ya cikin?"

Maganar kwalbatin nan ba wasa ba ce. Kun san kwarin da ruwa ya haƙa a bayan masallaci, kowace damina sai ya gutsiri ƙasa ya matso. Ɗan takararmu na kansila, Alhaji Sale, wata uku kafin zaɓe ya saki gemu, ya ɗage wando, ya kama sahun gaba. Malam yakan leƙa gemun ya ce, "Masha Allah, jariri ne, ko yaye ba a yi masa ba." Abokin karawarsa daga ɗaya jam'iyyar kuwa Ticha Danladi ne, Batangale, Kirista, tsohon hedimasta, wanda rabin unguwar nan ta sha bulalarsa. Shi ne duk damina yake fito da samarin cocinsu, da Oga Emeka mai kayan gyaran mota, su cika buhuna da yashi su tare kwarin, domin ruwan da ke cin bayan masallaci shi ke shiga layinsu. Mutane suka fara ƙus-ƙus cewa Ticha ya fi cancanta. Hankalin manya ya tashi.

Sai kwamitin masallaci ya zauna, mu bakwai, har da liman da Alhaji Manu da ni. Aka rubuta takarda: duk Musulmin ƙwarai ya zaɓi ɗan'uwansa Musulmi, wanda ya saɓa ya kuka da kansa ranar gobe. Aka ce ladan ya karanta a lasifika bayan la'asar, jajibirin zaɓe, yadda yake sanar da jana'iza da ɗaurin aure da ɓatan dabba. In ya ƙi, a karɓi ladanci. Ladancin nan kuwa na ubansa ne, shi kansa ya fi shekara talatin a kai, ba shi da wata sarauta a duniya sai ita. Aka ce ni in kai masa, tunda ni ne abokin wasansa.

Na same shi yana duban inuwa. Ya karanta takardar sau biyu, ya ce, "Wa ya ce?"

Na ce, "Don Allah Hammadu, yau ɗaya ka bar wannan. Kwamiti ne. Ka karanta kawai a wuce wurin. In ka ƙi, wallahi cire ka za su yi."

"Za *su* yi, ko za *ku* yi?"

Ya ninke takarda ya tura cikin hula, kusa da katin jam'iyya. Ya ce, "Zan karanta." Na koma na ce wa kwamiti an gama, har ana yaba mini da iya lallashi.

Aka sallame la'asar, masallaci maƙil. Ya tashi ya yi wa lasifika tsakinta, ya ƙwanƙwasa ta, sannan muryar nan tasa ta cika unguwa har layin coci:

"Jama'a, sanarwa! An ba ni takarda in karanta muku. Amma kun san addininmu, ba a karɓar magana sai an san wanda ya faɗa. Na duba, wannan ba aya ba ce. Na sake dubawa, ba hadisi ba ne. Maganar mutum bakwai ce, ga su kamar haka."

Ya fara jero mu. Suna, sunan uba, da sana'a! Liman ya sunkuyar da kai. Alhaji Manu ya kama jan carbi kamar ana biyansa. Ni aka ajiye a ƙarshe: "Da Alhaji Bukar Babarbare, mai harshe shida, shi ya kawo da hannunsa." Sannan ya karanta takardar tsaf, bai rage ko wasali ba. Ya ƙara da cewa, "Wanda ya bi, in an tambaye shi ranar gobe, ga waɗanda zai nema, ni ɗan aike ne. Sanarwa ta biyu: akuyar gidan Malam Adamu ta ɓata, ja ce mai farin goshi. Wannan kam na tabbatar, na ga igiyar."

Na shiga kasuwanni da yawa, an zage ni da Faransanci, an zage ni da Larabci, amma ban taɓa jin kunya irin ta ranar nan ba, kuma ba wanda ya zage ni. Takardar da muka rubuta da sunan addini, da aka maƙala mata sunayenmu sai ta koma abin da take: ra'ayin tsofaffi bakwai da suka karɓi atamfa.

Kafin magariba aka cire shi. Da aka ce a ɗaga hannu, na ɗaga. Aka ba wani mai karatun zamani lasifika. Malam Hammadu ya miƙa makullai ya ce, "Alhamdu lillahi! Shekara talatin ina roƙo a raba ni da ƙarfen nan." Washegari da azahar aka ɗauke wuta, sabon ladan ya buɗe baki, ko bakin ƙofa ba a ji shi ba. Sai ga murya daga ƙofar gidan Malam, tsaye kan turmi, yatsu a kunne, yadda ubansa yake yi. Har Oga Emeka ya leƙo daga shago ya ce wa yaransa Musulmi, "Baba ya kira, ku tafi."

Muka yi ta dariya, shi ma yana yi. Amma ni na ga abin da ba ku gani ba. Mutumin da ya shekara talatin a bayan liman ya koma sahu na uku, jikin bango. Kullum in lokaci ya yi sai hannunsa ya tafi aljihu neman makullan da babu.

Alhaji Sale ya ci zaɓe. Cikin wata biyu gemu ya faɗi, shi kuma ya tare a GRA. Damina ta zo ta tafi da wurin alwalarmu gaba ɗaya, da butocin roba goma sha. Malam ya tsaya bakin kwarin rungume da tasa ta ƙarfe ya ce, "Ikon Allah, ruwan nan bai karanta takardar kwamiti ba."

Bai bar jam'iyya ba, ko kusa. An zo daga ɗaya ɓangaren ana lallashinsa, ya ce, "In ɗanka ya yi wauta kunnensa kake ja, ba ka sake ɗa." Kuma ya ƙi faɗa wa kowa wanda ya zaɓa, sai da ciwon ajali ya kwantar da shi na je dubiya. Na zauna bakin tabarma. Ya buɗe ido ya ce, "Babarbare, yau ma takarda ka kawo?"

Na ce, "Gafara na zo nema."

Ya ce, "Wa ya ce na riƙe ka?" Sai ya jawo hannuna. "Bari in faɗa maka, tunda gulma ta kawo ka. Ƙuri'a biyu aka ba ni, ta ciyaman da ta kansila. Ta sama na ba jam'iyya. Ta ƙasa na ba kwalbati."

Ranar jana'izarsa sahu ya kai titi. Ticha Danladi da Oga Emeka suna tsaye gefe da huluna a hannu har aka ɗauke shi. Da aka zo raba kayansa, katin yana nan cikin hula, takardarmu kuma tana naɗe tare da shi.

Allah ya jiƙanka, Hammadu. Allah ya haskaka makwancinka, ya sa kiran sallar da ka yi ya zame maka sheda, ya sauƙaƙa maka tambayar kabari, kai da ka sha tambayar mutane. Mu kuma da muka ɗaga hannu, Allah ya yafe mana. Amin.

An yi zaɓe sau da dama bayan wannan, kuma har yanzu ana kawo atamfa. Amma daga la'asar ɗin nan zuwa yau, ba a sake karanta takardar siyasa a lasifikar masallacinmu ba, domin ba a samu wanda zai yarda a kira sunansa ba.