Baƙin Man da Nuhu Ya Bari a Trikania

Bana shekara bakwai ke nan da aka fita da gawar ƙanena Nuhu daga gidanmu na Unguwar Mu'azu. Kowace shekara idan watan ya zagayo nakan yi masa sadaka in yi shiru da bakina. Bana shirun ya gagare ni. Na zauna na kasa, na tashi na kasa, kuma ba komai ya hana ni sakat ba sai waɗansu jarkokin baƙin mai da na tarar jibge a bayan wata rumfar suya a Trikania, waɗanda ake shirin mayarwa cikin abincin mutane.

Nuhu malamin kimiyya ne a wata sakandare, amma rabin ransa yana wani ɗan ɗakin kwano da ya kafa a bayan gida. Aikinsa a can shi ne mayar da man suyar da ya gaji, wanda aka soya aka sake soyawa har ya koma kamar ruwan kwata, ya zama man gas na tayar da inji. Ya taɓa yi mini bayani ina tsinke zogale, ina jinsa da kunne ɗaya. Wai masu wannan aiki soda suka saba zubawa, amma in man ya tsufa ya yi tsami, soda sai ta mayar da shi sabulu, a yi asarar banza. Shi sai ya bi wata hanya. Yakan ƙona ɓawon gyaɗa ya zama gawayi, ya dafa shi da asid, ya wanke, ya shanya, ya sami wani baƙin gari. Garin nan shi ke juya man, komai lalacewarsa, kuma in an gama a tace shi a sake amfani da shi. Shekaru ya yi yana ƙonawa yana zubarwa kafin ya dace da wanda ya yi masa daidai.

Mun yi masa tsiya iya tsiya. Ni da kaina na raɗa masa Sarkin Kwata, domin duk Asabar zai ɗaura jarkoki a babur ya bi masu suya ɗaya bayan ɗaya, ya dawo wando duk maiƙo. Ranar da ya zuba mansa a injin niƙan maƙwabcinmu, injin ya tashi, hayaƙin yana ƙamshin ƙosai, sai da matan layi suka fito suna tambayar gidan wa ake biki. Na yi dariya har da hawaye, amma wallahi ranar na ji alfahari da yaron nan.

A cikin masu tara masa mai babu kamar Maman Rahila, wata dattijuwa 'yar kudancin Kaduna da ke suyar kifi da doya a bakin titi a Trikania. Mu duka mun san yadda ake yi da mai a garin nan: ba a zubarwa. In ya yi baƙi a yi masa ƙari da sabo, in ya wuce nan a sayar wa masu tacewa da tsumma, su kuma su kai wa masu awarar ƙofar makaranta. Nuhu ya zaunar da ita ya faɗa mata abin da irin wannan mai ke yi wa cikin mutum. Ita kuwa ta ɗauke shi kamar ɗan da ta haifa. Ta ce masa, "Malam, daga yau baƙin man rumfar nan naka ne. Ba zai sake shiga bakin ɗan kowa ba."

Ciwonsa bai ɗauki lokaci ba. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, kafin mu farga ya tafi. To, kun san mutanenmu da mutuwar farat ɗaya. A zaman makoki gwaggonmu Hassatu, wadda ta zo daga ƙauye, ta shiga ɗakin kwanon nan da tsintsiya za ta yi gyara, sai ta ci karo da kwalabe a jere, an toshe bakinsu tam, cike da baƙin gari. Ba ta tambayi kowa ba. Mutum da ƙuruciyarsa ya faɗi haka kawai, ga baƙin gari a ɓoye a ɗakinsa, me kuma ya rage? Sammu ne. Abin sammu kuwa a wurinmu ruwa mai gudu ake kai shi. Ta ƙulle su a zani, ta hau Keke Napep, ta je kan gada ta juye su kaf a Kogin Kaduna, ta dawo tana hamdala wai ta ceci marayun da ya bari.

Na yi mata faɗan da ban taɓa yi wa babba ba. Ta dube ni ido jawur ta ce, "Ke Bilki, boko ya cinye miki kai. So kike ya bi 'ya'yansa?" Har ta koma ga Allah ba ta yarda ta yi ɓarna ba, kuma na san ƙauna ce ta sa ta. Sanin hakan bai rage mini takaici ba ko kaɗan. Yawan zafin wutar da tsawon dahuwar garin duk a kan Nuhu suke, sun tafi tare da shi. Durom ɗin da yake dafa man ya yi tsatsa, 'yan gwangwan suka ɗauke.

Yanzu in na wuce ta Narayi na ga masu walda da masu niƙa sun naɗe hannu saboda gas ya fi ƙarfinsu, sai in ce ina ma Nuhu ya leƙo. Me zai ce? Na san ba zai ce ai na faɗa muku ba, ba halinsa ba ne. Babur zai hau. Sai dai anya zai sami man ma kuwa? Tsadar man gyaɗa ta sa yau baƙin mai ya yi farin jini, har bin rumfuna ake ana nema. Abin da yake roƙo a ba shi a kawar, shi ake rububi a kai wa yara.

Makon jiya Maman Rahila ta aiko a kira ni. Ƙafa ta matsa mata, za ta koma gida kafin Kirsimeti, 'yarta Rahila ce za ta karɓi rumfar. Ta ja ni bayan rumfar ta ɗaga wani buhu, sai ga jarkoki a jere. Ashe duk shekarun nan, wanda masu sabulu za su iya ɗauka ta ba su, wanda ya fi ƙarfinsu kuma ta ɗura a jarka ta ajiye, ko wani irin Nuhu zai zo. Masu tacewa sun yi ta zarya tana korarsu. Ta ce, "Yaya Bilki, Rahila tana da yara a makaranta. In na juya baya ba zan iya cewa kar ta sayar ba. Wa zan ba?"

Na shiga ƙirga jarkokin da ido.

Idan na auna abin da ya saura na ƙanena, ba shi da yawa. Garin yana ƙarƙashin kogi, ɗakin kwanon an mayar da shi na kaji. Abin da ya tsaya da ƙafarsa shi ne alkawarin da wata tsohuwa ta riƙe wa mamaci, ba danginta ba, ba addininta ba, ba tare da kowa ya sa mata ido ba. Ita ma ga ta tana haɗa kaya.

Jiya na ɗauki mota na kwaso jarkokin, suna bayan kicin ɗina, maigida yana ta mita kan wari. Ban san yadda ake mayar da man nan gas ba, kuma in akwai mai karanta wannan da ya sani, don Allah ya motsa. Wannan dai na tare shi, ba za a soya wa kowa awara da shi ba. Amma wanda Rahila za ta sauke daga kasko ranar Asabar mai zuwa, ban san cikin ɗan wa zai shiga ba.