Kiyari da shekarar rijiyar ubana

Da safen nan ina shan koko aka ce mini Kiyari ya rasu a Damagaram. Zazzaɓin kwana uku. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Wannan ma magana nake wa waya tana rubutawa, Kiyari ne ya koya mini.

Kiyari ɗan maƙwabcina ne a nan Gure, aikin ordinatar yake, wato kwamfuta. Ya ce yana ƙera wa yaren na'urar wata 'yar batta da za ta ɗauki shekara da wata da rana da sa'a, duka a wuri ɗan mitsitsi. Yakan zo mini da dabino, ya zauna a tabarmata yana tambayar zamanin da.

Na gaya masa ubana ya gama haƙa rijiyar lambunmu na kwari a shekarar da aka haife ni, bayan girbi, wata Laraba da hantsi. Ya ƙirga, ya ce cikin shekarun 1930 ne.

Na ce, "Battar taka za ta ci wannan?"

Ya yi dariya. "Baba, ko za ta ƙara kauri, sai ta ci ku."

To akwai abokin aikinsa mai son a ce ya fi shi iya matsewa. A bayan idon Kiyari ya yanke lambobi biyu na farkon shekara. Da na'urar ta buga takardar mallakar lambunmu, sai ta mai da 1930 zuwa 2030, ta fito tana cewa rijiyar sai nan gaba za a haƙa ta. Rijiyar da na sha tun ina rarrafe! Masu kwaɗayin lambun suka ce takardar jabu ce. Alhamis za a zauna a kai.

Ganinmu na ƙarshe da Kiyari a tasha, ya riƙe hannuna ya ce, "Baba, kada ku dangwala yatsa a kan komai. Zan dawo da gyara kafin Alhamis."

Kai mai yankan, na san kana karantawa. Da na same ka a biro, ofishin naku, cewa ka yi tsofaffin shekaru cin wuri kawai suke. Ban yafe ba. Alhamis zan tsaya in faɗi wanda ya haƙa rijiyar, da wanda ya ja gugan farko, da raƙumin da ya fara sha. Sannan in kira sunanka da na ubanka a gaban kowa. Kaina ba wanda ya yanke masa lamba.

Allah Ya jiƙan Kiyari, Ya yalwata masa kabari kamar yadda ya yalwata mana wuri. Ku sa shi a addu'a. Ni kuma ku roƙa mini rai zuwa Alhamis.