Faifan Orijina Ya Kai Ni Kotu, Kunya Ta Hana Ni Wanke Kaina

A lokacin ina saurayi mai ji da kansa, ina da ɗan shagon sayar da fayafayan fina-finan Indiya a Ƙofar Ƙaura. Abin taƙamata shi ne ba na sayar da jabu. Wasu kwafa suke yi a kwamfuta, ni kuwa sai in tsallaka Maraɗi in sayo orijina a kwalinsa, da hatimin kamfani. Har gori nake wa maƙwabta, in ce nasu a tsakiyar waƙa yake maƙalewa. Ni ne ɗan fari a gidanmu, mahaifina kuma tsohon malamin makaranta ne da ake ganin girmansa a Ƙofar 'Yandaka. Kunyar ɗan fari ce tsakaninmu. Bai taɓa kiran sunana ba, ni ma daga gaisuwa sai in tashi.

Wata rana da hantsi jami'an hukumar kare haƙƙin mallaka suka zo da 'yan sanda, suka kwashe kayan shagon, suka haɗa da ni. Ina ta nuna musu hatimi, ina rantsuwa orijina ne. Ɗayansu ya ce bai musa ba, amma don wata ƙasa aka buga fayafayan, kuma akwai ɗan kasuwar da ya sayi haƙƙin sayar da su a Nijeriya shi kaɗai. Ya ce shigo da su ba da izininsa ba laifi ne. Wallahi ranar na fara jin haka.

Kafin a ba da belina, labari ya riga ni gida, wai an kama ni da faifan da aka hana. Mai karatu ya san inda hankalin mutanenmu ke zuwa in sun ji haka: kowa ya ɗauka batsa ce. In na isa majalisa sai hira ta mutu. Na yi wa abokai bayanin haƙƙin mallaka, wani ya yi dariya ya ce lallai lauya ya koya mini abin faɗa. Ranar zaman kotu ni kaɗai nake zuwa, in zauna a benci, a ɗage, in dawo ba mai tambayar yadda aka yi.

Duk wannan bai ci mini rai kamar halin da mahaifina ya shiga ba. Ya daina zama a zaure bayan La'asar. Kullum da safe in durƙusa in gaishe shi, ya amsa yana kallon carbinsa. Na sha shirya maganar, amma ta yaya ɗan fari zai furta kalmar batsa a gaban ubansa, ko da don ya musanta ta? Da na tura baffana da an wuce wurin, amma na ce bari hukunci ya wanke ni. Allah ya yi wa mahaifina rasuwa ana cikin shari'ar. Ranar da alƙali ya ci ni tara, ya faɗa a fili cewa laifina na haƙƙin mallaka ne kawai, na waiwaya ban ga kowa nawa ba.

Daga baya mahaifiyata ta gaya mini cewa kullum in na fita, sai ya tambaye ta ko na ce mata wani abu. Ashe jira yake, ni ma ina jira. Har yau in na tuna sai in rasa inda zan sa kaina.

'Yan'uwa masu shigo da kaya, ku tambayi wanda ya sani kafin ku tsallaka iyaka, don orijina ma tana kai mutum kotu. In kuma an ɓata muku suna, ku gaya wa iyayenku gaskiya tun suna raye. In bakinku ya yi nauyi, ku aika wani yau ɗin nan.