Gaisuwar da Ta Cinye Saƙon Baba

A Bodinga na yi aiki da wata ƙungiyar manoma, ni ke rubuta musu manhajar waya. Manomi zai danna, ya faɗi abin da ke damun albasarsa ko saniyarsa, saƙon ya iso ofis. Sabis a ƙauyukanmu kuwa sai a hankali, babban fayil ba ya wucewa. Don haka shugabanninmu suka yanka girman da saƙo ba zai wuce ba, kusan maganar minti ɗaya. A yaren kwamfuta na Python umarni ne mai layi ɗaya: ka ba shi girma, ya bar farkon fayil, ya datse sauran tun a cikin wayar. Mutanen birni suka ce minti ɗaya ya ishi kowa. Da alama ba su taɓa gaisawa da dattijon Shagari ba.

Mahaifina yana Horo Birni, a ƙasar Shagari, da gonarsa da 'yan shanunsa. Tunda ya ji ɗansa ne ya haɗa abin, ya daina kirana, sai ta nan yake aiko min da magana. Ina yi masa tsiya cewa hanyar kawo kukan albasa ce, shi kuwa ko a jikinsa.

Wata Laraba da damina saƙonsa ya shigo. Sallama, sannan:

"An kwan lahiya? Ƙaƙa aiki? Ƙaƙa iyali, ƙaƙa ɗiyan? Ina gajiya? Mutanen Bodinga dut lahiya? Ruwa sun samu nan wajenku? To madalla, mu ma mun gode Allah."

Bai bar kowa ba, har maigidan da nake haya a wurinsa sai da ya tambaya. Sai ya yi gyaran murya, muryar ta sauka.

"To, abin da ni ka son in hwaɗa maka, ka saurara da kyau, shi na..."

Nan saƙon ya tsaya. Na kira, wayar ba ta shiga. Na ce ran Juma'a zan je, ya faɗa min baki da baki. Ran Alhamis da la'asar ƙanin Baba ya kira ni, ya ce in yi haƙuri, Baba ya faɗi a gona, rai ya yi halinsa.

Bayan an share makoki na tambayi Inna ko ta san maganar.

"Bayan garke yat tahi da wayar, shi kaɗai," in ji ta. "Ya daɗe can. Ban san mi yac ce ba."

Ya daɗe. Wannan kalmar ta fi komai ƙona min rai. Na karɓi wayarsa na bincike ta ciki da waje, fayil ɗin daidai yake da wanda ya iso ofis. Na san ba a mayar da abin da aka datse, ni da nake koya wa wasu haka. Duk da haka na zauna a zaurenmu, na ba wa umarnin nan girma mai yawa, don shi ma yana iya ƙara wa fayil tsawo. Ya ƙara, amma da sifili ya cike gurbin.

Na kunna. Baba ya gaishe ni, ya gaida matata da yara, ya ce in saurara da kyau. Daga nan shiru, tsawon da ni na zaɓa. Ban kashe ba. Na saurara da kyau har ƙarshe, ina kuka.