Jan Tauraro a Goshin Jirgin Labbo

Labbo ɗan masunta ne, haifaffen Argungu, amma aure ne ya zaunar da shi a wani ƙauyen manoma da ke bakin fadama, kusa da Ambursa. Shi kaɗai ne mai jirgi a ƙauyen. Da damina yakan haye da mutane da buhunansu, da rani kuma ya koma ga taru. Jirgin nasa tsoho ne, an sha yi masa faci, kuma a goshinsa akwai jan tauraro da matarsa Laure ta zana da ragowar fentin ƙofa.

Doka ɗaya Labbo yake da ita: ba a tsayuwa a cikin jirginsa. Yana yaro ya ga yadda wani fasinja ya miƙe a tsakiyar gulbi, jirgi ya kife, aka rasa wan Labbo. Tun daga lokacin, ko dagaci ya shiga, sai ya zauna a kan katakon tsakiya.

A shekarar da gulbi ya cika ya shanye shinkafar fadama, wata ƙungiyar agaji da ke da ofis a Birnin Kebbi ta sanar cewa za ta raba iri da taki domin noman rani. Sharaɗinta shi ne kowane manomi ya ɗauki hoton gonarsa da waya ya tura. Labbo ya riƙa kai manoman a jirginsa ɗaya bayan ɗaya. In mai gona ya ce an iso, sai Labbo ya kafa gorar tuƙi, ya juya goshin jirgin ya fuskanci wurin, mai gona kuma ya ɗauki hoto daga inda yake zaune. Babu abin da ya rage a sarari sai ruwa da sama.

Ƙungiyar tana da wata manhaja mai tantance hotuna, wadda aikinta shi ne kama masu turo hoto ɗaya da sunaye daban-daban. Da ta duba na ƙauyen, abu guda ta gani a cikin kowanne: jan tauraro, da ruwa, da sama. Sai ta yanke cewa maimaici ne. Saƙo ya shigo wayoyin mutane da hantsi, cewa an dakatar da buƙatarsu saboda hotunansu duk na wuri ɗaya ne.

Tamba, wani manomi mai yawan iyali wanda bai tsira da ko dami ɗaya ba, shi ya fara ɗaga murya a gindin durumi.

"Ku ba ku gane ba? Wanga mutum wuri guda yay yi ta kai mu. Ƙyuyar tuƙi gare shi. Ya kewaya da mu, ya ce ga gonarka, ga gonarka, mu ko kamar tumaki."

Suka iske Labbo a bakin gulbi yana kwashe ruwa daga jirgi da ƙwarya.

"Lafiya, Tamba, da gatari? Itace ya ƙare gidanku?"

"Kai za ka faɗa muna. Ina kak kai ni ran nan?"

"Inda kac ce in tsaya."

Tamba ya fizge gorar tuƙi ya sheme shi a wuya. Labbo ya faɗa cikin taɓo, ya yunƙura, wani ya dake shi da ƙotar fartanya a baki, haƙora biyu suka zube. Suka rufe shi da duka. Da ya ga an ɗaga gatari a kan jirgin, sai ya rarrafa ya rungume goshin jirgin. Ƙeyar gatarin ta sauka a kan hannunsa na dama, har waɗanda ke nesa suka ji ƙarar ƙashi. Suka janye shi ta ƙafa, suka faskare jirgin a gaban idonsa. Laure ta iso da gudu ta kwanta a kansa.

"Sai ku haɗa da ni. Tamba, ba shi ya fid da uwarka daga ruwa ba, tana bisa rufin ɗaki?"

Jini ya bi taɓo ya gangara gulbi, mutane suka watse da ɗaiɗaya.

Labbo yana kwance a asibiti a Birnin Kebbi labarin ya kai ofishin ƙungiyar. Wata ma'aikaciya, Ni'imatullahi, ta jera hotunan ta duba da idonta, ta fahimci abin da ya faru. Ta je ƙauyen ta tara manoma, ta nuna musu tauraron a kowane hoto.

"Iyayena, jirgin ne manhajar ta yi ta gani, ba gonakinku ba. Ku sake ɗauka ba tare da goshin jirgi a ciki ba, kafin a rufe rabo."

Sai dai babu jirgi. Tamba ya hau babur ya bi ƙauyukan masunta har Argungu, amma labari ya riga shi isa. Duk inda ya yi sallama, amsa ɗaya ce: jirginmu yana yoyo. Kafin ruwa ya janye har a iya shiga fadama da ƙafa, an gama rabon, kuma ƙauyen bai yi noman rani ba a shekarar.

Hannun Labbo bai ɗoru daidai ba. Ya kwashe iyalinsa ya koma Argungu, inda yake gyara wa mutane taru, yana riƙe zare da yatsun ƙafa. Laure ta tsinto guntun katakon mai tauraro, shi ne yanzu murfin akurkin kajinta.

Na ziyarce shi bara, na iske Tamba a tsaye a ƙofar gida, da kwandon albasa a hannu, ya zo neman gafara. An ce ba zuwansa na farko ba ne. Labbo bai ɗaga kai daga tarun ba.

"Zauna, Tamba," in ji shi. "Ka san ban son mutum tsaye bisa kaina."

Tamba ya zauna a ƙasa. Labbo ya miƙa masa bakin tarun ya riƙe, ya ci gaba da ɗinki da hagu.