Gashin Barsu

Wata Asabar a farkon bazara, shekarar da na shiga aji biyar, na fito da tsintsiya zan share tsakar gidanmu a Ashige, sai na tarar da gashi tuli a gindin mangwaro kamar an zazzage matashin kai. Barsu na kwance a gefe yana haki. Karenmu ne, irin masu dogon gashin nan, wanda wani maƙwabcinmu ɗan Tibi ya ba Baba tun yana ɗan kwikwiyo don gadin gonar doya. Inna ba ta bari ya kusanci ko kwanon wanke-wanke, amma ni duk inda na sa ƙafa yana biye, daga rafi har bakin makaranta.

Saura kwana takwas a yi nunin amfanin gona a Lafiya, inda aka ce za a jera karnuka a zaɓi mafi kyan gani. Ni kuwa na riga na cika baki a aji cewa Barsu ne zai ci. Ga shi gashin sai zuba yake, gefen cikinsa ya yi faci-faci. Hankalina ya tashi. Wani mai gyaran babur a bakin titi ya dube shi ya ce, "Wannan kirci ne, yaro. Shafa mishi baƙin mai, kwana biyu ya gama." Ban gaya wa Baba ba. Na ɗebo man a gwangwanin madara na mulke shi tas, yana tsaye yana kaɗa mini wutsiya. Yini ya yi yana lasar jikinsa.

Bayan kwana uku ya daina cin abinci, sai amai. Malamin dabbobin da Baba ya ɗauko ya girgiza kai ya ce, "Ai zubar gashin ba ciwo ba ne, man da ya lasa ne guba. Irinsu haka suke zubar da gashi in zafi ya shigo, sabo ya fito da kansa." Ana gobe nunin Barsu ya mutu. Baba bai dake ni ba, da ma ya daka. Muna binne shi a gefen gona ya ce kawai, "Sauri ya haifi nawa."

Yanzu 'ya'yana kan nuna mini gasar karnuka a waya, ana ta taje su kamar amare, suna dariya. Ni ba na iya dariyar. Barsu mataji kawai yake buƙata, da ɗan haƙurina.